Man Dawowa

"Riƙe ƙafafun, ni zan riƙe kafaɗa," in ji Inna. "Kuma ki daina kallona, ɗaga."

Na ɗaga. Baba Tanki ba ƙaton mutum ba ne, amma ranar ya yi nauyi kamar buhun siminti da ya sha ruwa. Gumi ya jiƙe masa riga, hannunsa ɗaya dafe da ƙirji, leɓɓansa sun yi toka-toka. A bakin ƙofar falo takalminsa ɗaya ya zame, babu wanda ya tsaya ɗauka.

"Ku sauke ni," ya ce da ƙyar. "Ina da ƙafa. Sai ka ce kayan wanki."

"Kana da baki dai," in ji Inna. "Ƙafar ce ta kayar da kai a banɗaki."

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da na Baba Tanki da matarsa Inna. Da hantsi ne, maza duk sun fita aiki, yara suna makaranta. Ni kaɗai ce a gida, domin tun da na gama jami'a nake zaman jiran aiki. Ina cikin wanke kofuna na ji Inna tana dukan tagar kicin ɗinmu da tafin hannu. Ba ta yi sallama ba, cewa kawai ta yi, "'Yar nan, zo ki tuƙa mu."

Motar tana ƙarƙashin rumfar kwano a inda take kullum, tsohuwa, ruwan toka, a goge tas. A layinmu ita ce motar asibiti. Mai naƙuda, yaron da ya faɗo daga katanga, tsohuwar da jininta ya hau, duk ita ke kai su. Makullinta yana rataye a ƙusa bayan ƙofar falo, kowa ya san wurin, kuma Baba ba ya tambayar inda za ka. Sharaɗinsa ɗaya ne: ka mayar masa da allurar gejin mai inda ka same ta. Inda kake samunta kuwa sama da rabi, kullum. Shi ya sa aka sa masa Baba Tanki, har aka manta da cewa yana da wani sunan.

Muka kwantar da shi a kujerar baya, Inna ta shiga ta tallabo kansa a kafaɗarta. Na zauna gaba, na ja kujerar har ƙafata ta kai kuloci, na murɗa makulli.

Injin ya tashi. Allurar ba ta tashi ba.

Tana kwance a can ƙasa, ta haye jan layi. A gefenta wata 'yar fitila ruwan ɗorawa tana ci. Tunda nake shiga motar nan ban taɓa ganin fitilar a kunne ba, har na ɗauka babu ƙwai a cikinta. Na ƙwanƙwasa gilashin da yatsa. Allurar ba ta motsa ba.

"Me kike jira?" in ji Inna.

"Inna, ta nuna danja."

Ta leƙo ta tsakanin kujeru, ta gani. Sai ta dafe goshi.

"Tela na layin nan ne," ta ce. "Jiya da yamma matarsa ta fara naƙuda, shi ya ɗauka. Sun yi ta yawo daga wannan asibiti zuwa wancan. Da ya dawo an rufe gidan mai. Ya ce min da safe zai tafi da jarka ya samo, ni kuma na ce kar a gaya wa wannan, kar ya hana kowa barci."

"Tun yaushe fitilar ta kama?"

"Ni na san wata fitila? Mu tafi!"

Baba ya buɗe ido. "Me aka samu?"

"Me aka samu a ina?"

"Matar Tela."

"Mace."

"To ba a yi asarar mai ba," ya ce, ya sake lumshe ido.

Na sa giyar baya, na fito da ita daga rumfa.

Shi ya koya min tuƙi, ba kuma don na roƙa ba. Ni ba na iya roƙon abu. Ta taga nake kallonsa yana wanke motar kowace safiya, har ran nan ya ɗago kai ya ce, "Ke mai leƙe, fito ki riƙe min bokiti." Daga riƙon bokiti na koma riƙon sifana, daga nan ya fara kirana yaron mota. Ko ranar da na kawo takardar digiri na nuna masa, cewa ya yi, "Madalla, yanzu ina da yaron mota mai digiri." Ranar farko da ya ba ni sitiyari bai bar ni na tayar da inji ba sai da na gaya masa inda allura take. Ya yi shekaru yana tuƙa motar ma'aikata kafin ya yi ritaya, kuma duk abin da ya sani game da mai ya juye min shi, ko ina so ko ba na so. Rabi, ka shiga gidan mai idan ka gani a hanya. Kwata, ka bar abin da kake yi ka je neman gidan mai. Ƙasa da kwata kuwa kar ka yarda da allura, ƙarya take yi, musamman a hawa da kwana. Abin da ke ƙasan tanki laka ce da tsatsa, su ke toshe matatar mai. Famfon mai kuma a cikin man yake shan sanyi, in ka bar shi a bushe sai ya yi zafi ya ƙone.

Inna tana da nata bayanin, wanda take bayarwa duk lokacin da ya fara nasa. Tana da cikin fari, ya ɗauko ta za su gaida iyayenta, ya wuce gidan mai yana cewa na gaba ya fi kyau. Motar ta mutu a wani fili da babu ko itace ɗaya. Ya ɗauki galan ya tafi a ƙafa, ya bar ta zaune a bakin titi tun rana tana tsaka har ta karkata. "Na gasu kamar bulo," take cewa. "Da ya dawo bai gane ni ba." Shi kuma sai ya ce, "Fasinja, sau ɗaya ne fa." Haka yake kiranta, Fasinja. Ita kuwa sai ta ce, "Sau ɗayan ya ishe ni."

Layinmu duk ramuka ne. Na bi su a hankali, duk ramin da na faɗa sai na ji numfashin Baba ya sarƙe. Da na hau babban titi na danna totur.

"Sassauta," ya ce daga baya. "In kin danna da ƙarfi sha take yi."

"Ka adana numfashinka," in ji Inna. "Yarinya ta san hanya."

Na san hanya, kuma sanin ne ya tsorata ni. Daga nan sai shataletale, sai doguwar gada mai hawa, sai gangara, sai asibiti. Gidan mai ɗaya ne a tsakani, yana hannun dama kafin a fara hawa gadar. In ka wuce shi babu wani. A kan gadar kuma babu wurin rakuɓewa, ƙarfe ne ta nan, ƙarfe ta can, motoci a jere kamar an ɗinke su.

Na yi ƙoƙarin tuna abin da ya taɓa cewa game da danja, ko tafiyar da ta rage bayan ta kama. Sai na tuna bai taɓa faɗa ba. Na tambaye shi sau ɗaya, ya ce, "Ban sani ba, kuma ba na son na sani." Ko da ma ya faɗa, babu wanda ya san inda fitilar ta kama wa Tela jiya. Wataƙila a bakin layinmu. Wataƙila tun a ƙofar asibitin farko.

Wata motar kaya ta sha gabana ta rage gudu. Na taka birki, na danna hon. Yadda na danna shi ma kamar ina ba ta haƙuri. A madubi na ga Inna tana share wa Baba gumi da gefen mayafinta, tana kwance masa maɓallin wuya.

"Hannun nan," ya ce. "Kamar ba nawa ba."

"Naka ne. Wa zai ɗauki hannun da ke warin fetur?"

Muka shiga shataletale. A tsakiyar kwanar motar ta yi tari. Sau ɗaya ne, ta ɗan ja baya kamar an riƙe ta da igiya, sannan ta sake kamawa.

"Kin ji?" in ji Baba.

"Na ji, Baba."

"Shiga gidan mai."

"Wuce!" in ji Inna. "Wallahi wuce. Ga gada can ina gani."

"Ba za ta hau ba."

"Za ta hau. Motar da ka shekara da shekaru kana ɗura wa mai, yau ɗaya ba za ta yi maka kara ba?"

"Mota ba ta san kara ba."

"'Yar nan, kar ki saurare shi, ba ya cikin hayyacinsa. Dubi bakinsa."

Na duba. Tokar leɓɓansa ta fara komawa shuɗi. Na dubi gaba. Allon gidan man ya bayyana, kuma tun daga bakin titi layin motoci ya miƙe, wasu direbobin ma sun kashe inji sun fito suna tura nasu da hannu. In na shiga layin nan sai rana ta raba. In na wuce, ko ta hau, ko ta mutu mana a tsakiyar gada, inda mu biyu ba za mu iya ɗaukarsa ko zuwa ƙarshen ƙarfen ba.

Ni mutum ce da ko a aji ba na ɗaga hannu, ko na san amsa. In mai shago ya ba ni abin da ban ce ba, karɓa nake yi na tafi. Yanzu ga murya biyu a bayana, kowace tana kiran sunan Allah, sitiyarin kuma a hannuna yake.

"Wuce!"

"Yaron mota," ya ce a hankali. "Hawa ne. Man zai gudu baya."

Na wuce ƙofar shiga. Inna ta sauke ajiyar zuciya. Sai na karya kan motar na shige ta ƙofar fita.

Na tsaya hanci da hanci da wata bas da ta matso za ta sha mai. Hon ya tashi ta ko'ina. Direban bas ɗin, wani mai tawul a wuya, ya leƙo har rabin jikinsa.

"Ke! Makauniya ce? Mu da muke nan tun safe itatuwa ne?"

"A mayar da ita baya!"

"Wa ya ba ta mota ma?"

Na fito. Mai zuba man, wani dogo mai furfura a gemu, ko kallona bai yi ba, ya nuna min ƙarshen layi da kan famfo.

"Malama, layi."

"Mara lafiya ne," na ce. Ni kaina ban ji muryata ba.

"Me?"

"Mara lafiya na ɗauko."

"Kowa a nan mara lafiya ne!" in ji mai tawul. "Ni ma kaina ke ciwo!"

Aka yi dariya. Na ji hawaye yana taruwa, na kuma san in ya zubo shi ke nan, ba zan ƙara iya magana ba. Sai na juya, na buɗe ƙofar baya har ƙarshe, na matsa gefe.

"Ku duba!" na ce. Wannan karon har na can bakin titi sun ji. "Ku zo ku duba!"

Hon ɗin ya ɗauke ɗaya bayan ɗaya. Mai tawul ya dubi cikin motar, ya mayar da jikinsa ciki, ya sa giyar baya. Dogon ya sunkuya, ya ga fuskar da ke kafaɗar Inna, sannan ya ja da baya ya dubi motar kanta.

"Baba Tanki? Subhanallahi. Matso da ita, matso!"

Na matsa da motar bakin famfo, na kashe inji, na zagaya da makulli. Murfin tankin yana da ɗan kwaɗo mai taurin kai. Sai ka danna shi ciki sannan ka murɗa hagu, na yi haka ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ranar ya ƙi. Makullin ya faɗi ƙasa. Na ɗauka, ya sake ƙi.

"Kawo," in ji Dogon.

"Ba ya buɗuwa da ƙarfi."

Na tsaya, na goge hannuna a siket, na danna, na murɗa. Ya buɗe. Dogon ya zura kan famfo, man ya fara zuba, ina jin ƙararsa yana faɗawa can ƙasa kamar ana zuba ruwa a rijiyar da ta ƙafe.

"Motar Baba a danja," Dogon yana faɗa wa kansa. "Yau na ga abin da ban taɓa gani ba."

Ba a jima ba Inna ta ɗaga murya. "Ya isa! Ya isa haka, rufe!"

"Ya isa," na ce wa Dogon. Ya saki hannu.

Sai na ji ƙwanƙwasa. Baba ne, da bayan yatsa, a jikin gilashi. Na leƙa.

"Kunna na gani."

Na zura hannu ta taga na murɗa makulli rabi. Fitilar ta mutu. Allurar ta ɗaga kanta daga jan layi, ta ɗan hau, ta tsaya ƙasa da kwata.

"Bai kai ba," ya ce.

"Baba, wannan zai kai mu asibiti. Har ya yi saura."

"Zai kai mu." Ya tsaya ya nemo numfashi. "Dawowa fa?"

"Ana maganar ranka kana maganar dawowa?" in ji Inna. Muryarta ta fashe. "In mun je sai a nemi na dawowa!"

"Da yamma gadar nan cunkushewa take yi. Layin nan kuma kin gani." Bai dube ta ba, ni yake kallo. "Ki sa wanda zai mayar da ita gida. Ƙafarta ba ta son tsayuwa."

"Wa zai mayar da wa? Tare muka fito."

"Sau ɗaya na bar ki a bakin titi, Fasinja."

Inna ta kawar da kai gefe. Dogon yana riƙe da kan famfo a bakin tanki, yana kallona, yana kallon ta. A bayansa mutane sun taru. Na ji agogon hannuna kamar yana bugawa a cikin ƙashina. Abin da nake so shi ne na fizge famfon, na rufe tankin, na tafi. Amma na ga yadda idonsa ya kafe a kan allurar, na kuma san mutumin nan zai iya buɗe ƙofa ya ce zai sauka.

"Zuba masa," in ji Inna. Yanzu a hankali take magana. "In ba a zuba ba, da ita zai yi ta mita har cikin asibiti. Na san shi. Zuba, amma ka yi sauri don Allah."

Dogon ya matse hannun famfon har ƙarshe. Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka ba. Na san dai na ga wata mata a cikin bas ta rufe wa ɗanta ido, na ga ɗigon mai yana gangarowa a jikin fenti, na ga allurar tana hawa kamar mai ciwon gwiwa. Ta wuce kwata. Ta kusa tsakiya.

Baba ya ɗaga yatsa ɗaya.

Dogon ya zare famfo, ya rufe murfin da kansa. Na kai hannu bayan abin tare rana, inda Baba ke soke kuɗin mai.

"Tafi!" in ji Dogon, yana dukan rufin motar. "Ki tafi, Malama!"

Mai tawul ya riga ya sauka daga bas ɗinsa, ya shiga tsakiyar titi, ya tare motoci da hannu biyu yana kaɗa tawul ɗin. Na fita da baya, na miƙe ta, na nufi gada.

Ta hau. Ko tari ba ta yi ba. Na sauya giya a tsakiyar hawan, injin ya amsa da murya ɗaya, mai kauri.

"Kin ji?" in ji Baba. Da ƙyar na tsinci maganar. "Ta samu abin da take so."

"Na ji, Baba."

"Riƙe hannunki, direba. Kar ki bi na gaba, ba shi da birki."

Bai taɓa kirana haka ba. Ban juya ba, domin motoci sun matse ni ta kowane gefe. A saman gadar tafiya ta koma ja da ciki. Na ɗora hannu a kan hon, wannan karon ban ɗaga ba. Na kunna fitilu, na fito da hannu ta taga ina roƙon hanya, wasu suka ba ni, wasu suka zage ni. Daga can sama ina hango farin ginin asibitin da tankin ruwansa.

A bayana Inna tana magana ƙasa-ƙasa. Da farko na ɗauka addu'a ce kawai. Sai na ji tana gaya masa cewa ta bar tukunya a kan wuta, kuma in ta ƙone shi zai kankare. Ta ce masa bai gyara mata ƙofar kabad ba har yau. Ta karanta masa kalmar shahada, na ji kamar ya bi ta, ko kuma iskar taga ce. Ta sake komawa kan kabad ɗin.

Muka fara gangara. Hanya ta ɗan buɗe, na ƙara wuta, hannuna yana kan hon.

"'Yar nan," in ji Inna.

"Mun kusa, Inna. Ga ƙofar can."

"Daina hon ɗin nan haka."

Na ɗaga hannuna. Motar ta yi tsit, sai ƙarar taya. Na dubi madubi sau ɗaya. Kansa yana kafaɗarta kamar yadda muka fito, ta zare masa hula ta riƙe a cinya, tafin hannunta yana kan fuskarsa.

Ban rage gudu ba. Na shiga ƙofar asibitin, na tsaya a gaban sashen gaggawa, na fito ina kira. Suka zo da gadon turawa, suka ɗauke shi da sauri, suka shige da shi bayan wani koren labule. Ba su daɗe ba. Likitar da ta fito ƙarama ce, ba za ta girme ni sosai ba. Ta durƙusa a gaban Inna ta yi mata magana, Inna tana gyaɗa kai kamar ana gaya mata abin da ta riga ta ji a rediyo.

Muka zauna a benci muna jiran ɗansu, wanda ke aiki a ɗaya gefen gari. A bangon da ke fuskantarmu akwai agogo. Na yi ta kallonsa, ina mayar da hannunsa baya a raina, ina cire kwaɗon da ya ƙi buɗuwa, ina cire allurar da ke hawa, ina ganin ko abin da ya rage zai kai mu bayan labulen nan yana numfashi. Likitar ta sake wucewa. Na miƙe zan tambaye ta.

"Zauna," in ji Inna, ba tare da ta dube ni ba. "Kuma ki bar kallon agogon nan. Ni na ce a zuba."

Na zauna. Ta kamo hannuna ta ɗora a kan hular, ta danne da nata.

Rana ta karkata kafin ɗan ya gama da takardun asibiti. Idonsa ja, ya ce shi zai taho da mahaifinsa daga baya, ni na taimaka na kai Inna gida, mutane sun fara taruwa. Na buɗe mata ƙofar gaba. Ta zagaya ta shiga baya, ta zauna a inda ta zauna da safe, ta bar wurinsa.

Gadar ta cunkushe, kamar yadda ya ce. Muka tsaya a samanta har inuwar ƙarfen ta tashi daga kan bonet ta hau gilashi. Injin yana ta aiki a tsaye. Wata mota a gabanmu ta mutu, mutum biyu suka fito suna turawa, ana ta yi musu hon. Allurarmu ta ɗan sauka daga inda take, kaɗan.

Da muka sauko, layin gidan man yana nan, har ya fi na safe. Dogon ya hango motar daga nesa. Ya ɗaga hannu sama, tafin a buɗe, yana tambaya. Ban san yadda ake amsa wannan da hannu ba. Ya dubi kujerar baya, ya sauke hannunsa a hankali, ya cire hular aikinsa.

A ƙofar gidan akwai takalma da yawa, ana jin muryoyin mata a ciki. Tela yana tsaye a bakin rumfar, shi kaɗai, da jarka a gefen ƙafarsa da mazurarin da ya yanko daga gorar ruwa. Rigar jiya ce a jikinsa. Na shigar da motar, na kashe. Ya matso wajen tagar baya, ya durƙusa har ƙasa.

"Inna, tun asuba nake layin jarka. Wallahi tun asuba. Na ce in kawo kafin ya tashi ya gani. Da na sani da motar na tafi, da na kwana a can..."

"Yaya mai jego?" in ji Inna.

Ya rufe fuska da hannu. Kafaɗunsa suna rawa.

"Na ce yaya mai jego, da jaririyar?"

"Suna lafiya, Inna."

"To madalla. Ya tambaya, na gaya masa mace ce." Ta dubi jarkar. "Tashi ka zuba mata. Ka mayar da allura inda ka same ta."

Na fito na buɗe masa murfin. Wannan karon bugu ɗaya ya buɗe. Ya sa mazurarin, ya ɗaga jarkar, man yana ɗan zuba a kan takalminsa. Na riƙe masa gindin jarkar har ta ƙare. Warin fetur ya cika rumfar.

Inna ta buɗe ƙofa, ta sauke ƙafa ɗaya ƙasa, amma ba ta fito ba. Daga inda nake ina hango takalmin Baba ɗaya, wani ya ɗauke shi daga bakin ƙofa ya jingina shi da bango.

"Kunna na gani," ta ce.

Na zura hannu na murɗa makullin rabi. Allurar ta tashi a hankali, ta wuce kwata, ta wuce tsakiya da kaɗan, ta ɗan yi rawa ta tsaya. Inna tana zaune da hular a cinya, ƙafa ɗaya a mota, ɗaya a ƙasa, tana kallonta.